Ranar da Aka Bar Ni a Bayan Duwatsun Tsoffin Mata

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in na rufe ido fari nake gani, ba baƙi ba. Rifkatu ce ta ce in rubuta, wai ko zuciyata ta yi sanyi. Ban san ko za ta yi ba. Ni dai ina so a ji yadda aka yi daga bakina, domin saura ƙiris a sa ni a jirgi a mayar da ni Bakori da takardar kora a hannu, a kan laifin da ban ma san akwai irinsa ba.

Mu biyu ne mata 'yan wajenmu a cikin waɗanda gwamnati ta turo Romaniya koyon aikin haɗa magani: ni da Rifkatu, 'yar wani ƙauye a bayan Malumfashi, babanta mai wa'azi ne a coci. A gida ba mu san juna ba. A nan ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya, in ɗaya ta yi kukan gida ɗaya ta rarrashe ta, gobe a juya. Babana manomin auduga da masara ne. Ya sha surutu kafin ya bar ni na taho, kuma ina da ƙanne mata uku da karatunsu ke rataye a kan yadda zan dawo. In aka koro ni, ba wanda zai tsaya tambayar dalili. Kowa zai ƙirƙiri nasa, kuma na san irin wanda za a ƙirƙira wa mace.

Akwai kuma Yaya Lawal, ɗan Funtua, shekararsa ta huɗu a nan yana karatun injiniya. Yarensu a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Babana ya san kawunsa a kasuwar auduga, har wasiƙa aka rubuto masa cewa ya kula da ni. Shi ne tafintanmu a duk abin da ya fi ƙarfinmu, don mu watanmu goma kawai, yaren aji muka iya, wanda malama ke faɗa a hankali tana maimaitawa.

Da hutu ya zo ƙarewa makaranta ta shirya wa ɗalibai baƙi yawon wuni ɗaya zuwa kan duwatsu. Aka manna sanarwa mai tsawo a bakin ɗakin cin abinci. Muka tambayi Yaya Lawal me ta ƙunsa. Ya ce, "Shan iska ne kawai. Ku yi kwalliya, wurin yana da kyau a hoto."

To, mu abin da muka sani da kwalliya muka yi. Muka fiddo atamfar da muka ɗinka iri ɗaya, kore mai zanen ganye, muka ɗaura ɗankwali, muka ɗora suwaita a sama. Na sa takalmin fita mai siririyar igiya. A jakata na saka 'yar kamarar da muke amfani da ita tare, da kwalbar ruwa, domin ba na zuwa ko'ina a ƙasar nan ba tare da ruwan tsarki ba.

Jirgin ƙasa ya sauke mu da hantsi a wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsun. Mu kusan talatin ne, Larabawa, 'yan Girka, 'yan Afirka kaɗan, da wasu 'yan matan ƙasar da aka haɗa mu da su. Nan muka tarar da jagoran, wani dogo mai jan gemu, da sanda a hannu da usur a wuya. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kanmu sai ya tsaya a ƙafafunmu, ya faɗi wata magana da sauri. Mutane suka yi dariya.

Na ce, "Yaya Lawal, me ya ce?"

Ya ce, "Cewa ya yi kun yi kyau."

Sai daga baya wata 'yar Girka ta gaya mini abin da ya faɗa: wai waɗannan biki suka zo, takalmansu ba za su kai ƙarfe biyu ba. Ya gani, ya faɗa, ya yi dariyarsa, amma bai ce mu tsaya a ƙasa ba.

Sanyin safiya ya sa muka sha shayi kofi bibbiyu a tashar. Daga nan aka zuba mu a wani akwatin ƙarfe mai tagogi, rataye a igiyar ƙarfe, yana hawa da mu sama. Ban leƙa ba. Na riƙe hannun Rifkatu ina karanto duk addu'ar da na iya, ita ma tana tata. Ta raɗa mini, "Ki ƙara murya, Saude, ko wacce aka fara amsawa ta ɗauke mu duka."

A sama jagoran ya tara mu ya yi bayani mai tsawo, iska na kwashe rabin maganar. Yana nuna wasu sandunan ƙarfe da aka kakkafa a jere, yana nuna usur ɗinsa, sannan ya nuna wani dogon ƙarfe can nesa a kan wani tudu yana kaɗa yatsa. Da ya gama, Yaya Lawal ya juyo ya taƙaita mana: "Ya ce ku bi shi a baya." Sai ya koma wurin wata 'yar ƙasar mai farin gashi da yake ta yi wa hira tun a jirgi. Abu uku jagoran ya faɗa, na sani yanzu. Kar a bar layin sanduna. Duk mai son tsayawa ya faɗa. Kuma kar wanda ya kuskura ya nufi dogon ƙarfen nan ko ya juya kamara wajensa, ginin gwamnati ne.

Duwatsun kam abin kallo ne, ba zan ƙi faɗa ba. Namu na gida baƙaƙe ne masu santsi, ana shanya barkono a kansu. Waɗannan toka-toka ne, iska ta cinye musu ƙugu ta bar kai da faɗi, sai ka ce tsoffi sun tsuguna da faifai a ka suna gulma. Su ma mutanen ƙasar Tsoffin Mata suke kiran su. Akwai wani babba a gaba kaɗan, in ka tsaya ta gefe sai ka ga fuskar mutum da hanci da haɓa. Na ɗauki Rifkatu a jikinsa, ta ɗauke ni. Rana ta fito, har na ce a raina za a aika wa Inna wannan.

Sai shayin nan ya fara aikinsa.

Duk macen da ta tashi a wajenmu ta san yadda ake yi. Ba ka sanarwa. Ba ka tsayawa gaban maza ka ce ga abin da ya taso maka. Ka ja jiki a hankali kamar ba kai ba, ka yi nisa yadda ko motsinka ba za a ji ba, ka dawo ka shige cikin mutane. Wanda ya lura ma sai ya kau da kai. Haka aka rene ni, kuma ban taɓa ganin ya cuci kowa ba.

Na matsa kusa da Rifkatu na ce, "Zan zagaya."

Ta duba ko'ina ta ce, "A ina? Nan ko kaza ba za ta ɓuya ba."

Gaskiyarta. Ba itace, ba kurmi, ba karan dawa. Ciyawa ce gajera kamar an aske, fili fetal. Dutse na farko akwai Larabawa suna hoto a kansa. Na biyu in na tsuguna za a hango ɗankwalina. Na ci gaba da gangarawa ina waiwaye, har na sami wani a cikin kwari da ya rufe ni sosai. Na ce wa kaina minti biyar ne.

Ina cikin gyara zani sai rana ta ɗauke. Na ɗaga kai na ga gajimare yana tahowa a ƙasa, a kan ciyawa, kamar hayaƙin ƙona gona. A gida hadari daga gabas yake haɗowa, ya yi baƙi, ya ba ka lokacin kwashe shanya. Wannan bai ba ni ko na ɗaura jaka ba. Kafin in taka goma ban ga dutsen da na baro ba. Na ji usur sau ɗaya, can, ban san ta wane gefe ba. Na buɗe baki in yi kira, kuma Allah ya sani, ko a lokacin sai da na ji nauyin ɗaga murya. Da na kira, muryar ta tsaya a gabana kamar na yi magana cikin bargo.

Na hau inda nake zaton daga nan na gangaro. Ba kowa, ba sanduna. Aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara ƙanana. Igiyar takalmin dama ta tsinke, na cire duka biyun na riƙe a hannu, sannan na jefar da su don yatsuna sun kasa riƙo. Atamfa ta jiƙe ta manne mini a ƙafa. Na yi ta tafiya ina kiran Rifkatu, daga baya na koma kiran Inna, wadda ke can tana tankaɗe ba ta san komai ba.

Ban san tsawon lokacin ba, sai na yi karo da shingen waya mai ƙaya, da allo ja a jiki. Na yi murna, na ce inda akwai shinge akwai mutum. Na bi shi ina dafawa ina kira. Iska ta fizge ɗankwalina ta maƙala shi a saman wayar, na yi tsalle sau biyu ban kai ba, na bar shi. Shingen ya kai ni bakin wani rami da ban ga ƙarshensa ba. Dutsen da na taka ya zame ya faɗa, ban ji saukarsa ba. Nan na zauna a ƙasa. Na ja da baya da gindi, na juya na rarrafa, na bar shingen gaba ɗaya.

Karnuka ne suka same ni. Uku, manya kamar maruƙa, masu gashi buzu-buzu. Na yi abin da ake yi in karnukan ruga suka taso maka: na durƙusa, na sunkuyar da kai, ban gudu ba. Suka kewaye ni suna haushi har wani tsoho ya ɓullo cikin farin nan da rigar fatar tunkiya har ƙasa. Ya daka musu tsawa. Ya tsaya yana kallona, ya yi alamar addu'arsu a ƙirji. Ina jin bai taɓa ganin baƙar fata ba, balle a ce ta fito daga cikin gajimare ba takalmi. Bai tambaye ni komai ba. Ya cire rigar ya lulluɓa mini, warin tumaki ya cika mini hanci, ya kama hannuna.

Bukkarsu ta katako ce, da wuta a tsakiya. Matarsa, wata guntuwar tsohuwa mai baƙin kallabi, ta zaunar da ni, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana murzawa tana faɗa, ban san ko da ni take ba ko da mijin. Da jini ya fara dawowa na yi kuka don zafi. Ta sa mini safar ulu, ta ɗaura mini takalmin taya irin wanda manoma ke saya a kasuwar Bakori. Sannan ta kife tukunya a kan katako, ta yanka abin da ya fito da zare ta miƙo mini. Tuwon masara ne. Wallahi tuwon masara, rawaya, sai dai ba miya, cuku suka barbaɗa. Wata goma ban ga tuwo ba, sai a ranar da na ɗauka mutuwa zan yi. Ina ci hawaye na zuba a ciki, tana shafa mini kai tana jan kitsona a hankali tana mamaki.

Da hazon ya fara yayewa wajen la'asar, tsohon ya ɗora ni a jaki. Na gane kalma biyu a maganarsa, ɗalibai da sama. Ashe akwai gidan baƙi a ƙololuwar dutsen, can ake kai masu yawo su huta. Haka na hau ƙololuwar da aka kawo mu gani, a kan jaki, da rigar tunkiya, ba ɗankwali.

Rifkatu ce a bakin ƙofa, muryarta ta dushe. Ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. A ciki ana shan shayi. Wasu suka taso, wani ma ya ɗaga kamara zai ɗauke ni, 'yar Girkan nan ta buge masa hannu. Yaya Lawal ya fito da kofi a hannu ya ce, "Ke Saude, ina kika shiga haka? Kin tayar wa mutane hankali."

Rifkatu ta juya kansa. Ban taɓa jin ta yi wa na gaba da ita magana haka ba. Ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Sau nawa na gaya maka? Sau uku. Na ce Saude ta zagaya, a jira ta. Me ka ce mini?"

Ya ce, "Rage murya."

"Ba zan rage ba. Cewa ka yi, so kike in tsaya gaban Turawan nan in ce mace ta tafi fitsari? Da jagoran ya ƙirga ya ga babu ɗaya, ka ce masa ta tsaya ɗaukar hoto, tana tafe. Ni da na juya zan koma, kai da shi kuka riƙe ni."

Ya ce, "To ai mutuncinta na rufa."

Shi kuwa jagoran, da ya iso gidan ya ga ban biyo ba, bai koma nema ba. Waya ya buga ƙasa ya ce wata ɗaliba baƙuwa mai kamara ta saɓa umarninsa ta ɓace ta wajen ginin gwamnati. Ya wanke kansa tas, ya zauna ya ci tsiran alade. Da ya gan ni ko sannu bai ce ba, agogonsa ya duba.

Gajimaren ya buɗe kafin mu sauka. Kowa ya fita yana nuna duwatsu jere-jere a ƙarƙashinmu, da garin da muka baro kamar an watsa tsaba. Suka yi ta yabo. Ni na koma bayan gidan na amayar da tuwon. Da na dawo in mayar wa tsohon rigarsa in yi godiya, har ya kai jakinsa nesa. Ko sunansa ban sani ba.

A tashar akwatin ƙarfe 'yan sanda biyu na jira. Suka karɓi kamarar da katin makarantata.

Bayan kwana uku aka kira ni ofishin mai kula da ɗalibai baƙi. A kan baranda Yaya Lawal ya tare ni, shi aka kira ya yi tafinta. Ya ce, "Saurara, ƙanwata. Takarda za su ba ki. Ki sa hannu, ki ce hoton duwatsu kika je ɗauka kika yi kuskure. Kar ki je ki faɗi wancan zancen a gaban manya. Mu ne za mu ji kunya, duk 'yan Najeriya."

Na ce, "In na sa hannu me zai biyo baya?"

Ya ce, "Za a duba."

A ciki akwai shugaban ofishin, da wani mai kwat toka da bai faɗi sunansa ba, da jagoran, da malamar da ta koya mana yare, wata dattijuwa mai tabarau, a zaune a kusurwa. A kan tebur ga kamarata, ga kuma ɗankwalina a ninke. Masu gadin ginin gwamnatin ne suka ciro shi daga waya, ashe shingensu na bi. A duk faɗin ƙasar nan ba mai irin atamfar sai ni da Rifkatu.

Aka turo takardar gabana. Na karanta a hankali da yatsa. Ban gane duka ba, amma na gane "da gangan", na gane "wurin da aka hana", na gane "barin ƙasa". Mai kwat ɗin ya tambayi me ya kai ni can. Yaya Lawal ya fara amsawa tun ban buɗe baki ba. Na ji kalmar hoto ta fito.

Na miƙe tsaye. Na ce da yarensu, a karye, "A'a. Ni zan faɗa."

Kalmar da na sani ita ce wadda muka koya don karɓar kwalbar gwaji a hannun marasa lafiya. Ita na yi amfani da ita. A gaban maza huɗu, biyu sun haifi babana, na ce fitsari ne ya matse ni. Na ce a garinmu mace ba ta faɗa wa namiji, tana yin nisa ne. Na ce babu itace a dutsenku. Na nuna Yaya Lawal na ce ƙawata ta gaya wa wannan sau uku, ya ƙi faɗa. Na nuna jagoran na ce wannan ya ga ƙafata da safe ya yi dariya, ya ga babu ni da rana ya sha shayi. Inda kalma ta ƙare mini malamar ta miƙo mini ita daga kusurwa, ba ta ƙara ko ɗaya tata ba. Fuskata kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban kalli kowa ba sai ɗankwalin.

Sai mai kwat ɗin ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya buɗe ambulan ya baje hotunan da suka wanke: Rifkatu a jikin dutse, ni a jikin dutse, ɗaya kuma babban yatsana ne ya rufe rabi. Ya tambayi malamar wani abu, ta amsa da tsawo, murya a sama. Ya ɗauki takardar ya ninke ta ya sa a aljihu. Shugaban ofishin ya turo mini katina. Kamarar ba su mayar ba, hotunan ma haka.

Jagoran ba abin da aka yi masa. An ce jiya ma ya hau da wasu. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ko mutum ɗaya, sai malamar da ta matse mini hannu a bakin ƙofa.

A matakala Yaya Lawal ya cim mini. Ya ce, "Kin kyauta ke nan? Gobe duk makarantar nan za a ji. In labarin ya kai Bakori fa?"

Na tsaya. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar. Na ce, "Ba sai ya kai ba, Yaya. Ni zan rubuta wa Baba da hannuna. Kai kuma ka fara tunanin abin da za ka rubuta wa kawunka."

Labarin ya bazu kamar yadda ya ce. Ranar Litinin da na shiga aji wasu samari biyu suka yi sautin zubar ruwa da baki. Yatsun ƙafata biyu har yanzu ba na jin su sosai, a hankali nake taka su. Na wuce ta gabansu ina ɗingishi, na ja kujerata ta layin farko, na zauna. Da aka zo kiran suna, nawa na nan.